Inda Fentin Ya Goge

Litinin, 9:10 na safe

Mai gyaran kwamfuta ce ta ɗora mini wannan aiki. Ta ce duk sanda na kunna laftof ɗin in rubuta rana da lokaci, da abin da ta yi, da abin da ni nake yi. Na ce mata 'yar nan, shekara talatin da ɗaya na yi a ma'aikatar ruwa ina bin bututu da sandar saurare a kunne, ke ce za ki koya mini rubuta rahoto? Ta ce to Baba, sai a nuna mana. Ga shi ina nunawa.

Ciwon kwamfutar ga shi. Wani lokaci ka kunna ta ta tashi garau. Wani lokaci kuma sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci, wai ta duba ba ta ga ma'ajiyarta ba. Mai gyara ta ce sunan abin had-dis. Ni rumbu zan riƙa ce masa, ya fi mini sauƙi a baki. A cikin rumbun nan littafina yake, shafi ɗari uku da sha biyu kan yadda ake gano yoyon ruwa a ƙarƙashin ƙasa, aikin shekara huɗu. Babu kwafi a ko'ina, sai takarduna na biro. Mai ɗab'i yana jirana ranar Jumma'ar ƙarshen wata.

Ranar Asabar a shagonta ta ɗora kwamfutar a cinya ta riƙe gefe, sau goma ta kunna, sau goma munafukar ta tashi, har na ji kunya. Ta tambaye ni ko ta taɓa faɗuwa. Na ce ba na tunawa. Ta ce bari ta kwafe mini littafin a filas, wannan 'yar ma'ajiya mai kama da maƙulli. Na ce a'a, littafin da bai fito ba ba ya yawo a shagon kasuwa. Ta dube ni ta ce to.

Yau: ba ta gani ba.

Litinin, 4:30 na yamma

Na zaunar da ita gaban fanka awa ɗaya, ko zafi ne. Ta sha iskarta ta more. Ba ta gani ba.

Talata, 8:05 na safe

Ta gani! Na manta tabarau a ɗaki, na jingina a kanta da gwiwar hannu ina ƙanƙance ido, kawai sai ga ta ta tashi kamar ba ita ba. Na ruga in ɗauko tabaran, na dawo na tarar ta sume. To ko tabarau ne ba ta so? An rubuta dai.

Da mutuniyar, wato maiɗakina, na nan da tuni an wuce wurin. Ita ta buga littafin daga shafin farko har na ƙarshe, ni ina rubutawa da biro ina miƙa mata. Sakatariya nake ce mata idan tsokana ta motsa mini. A hannunta kwamfutar nan ko tari ba ta taɓa yi ba. Tana gidan 'yarmu tun Laraba. Kwana uku ta ce, yau shida. Ba komai, jikoki akwai shiga rai. Ni dai lafiyata ƙalau.

Laraba, 10:20 na safe

Ba ta gani ba. Da caja, babu caja, a kan tebur, a kan kujera, da rediyo a kunne, da rediyo a kashe. Har lallashinta na yi, Allah ya sa maƙwabta ba su ji ba.

Na dafa shinkafa jiya. Ƙasan tukunyar gawayi, samanta tsakuwa, tsakiyar kuma ba laifi. Tsakiyar na ci.

Alhamis, 2:15 na rana

'Yarmu ta kira. Na ce ya mamanki, ta ce lafiya lau, tana can tana yi wa yara kitso. Na ce ba ta ce komai ba? Ta ce komai kamar me, Baba? Na ce a'a, haka dai. Sai ta ce wai me ya faru ranar Talatar makon jiya?

Babu abin da ya faru. Ranar ce ma aka gama littafin, ina ta murna kamar yaron da aka saya wa keke. Na miƙa mata takarda ta ƙarshe, shafin godiya. Mutum goma sha tara na gode wa: tsohon daraktanmu, abokan aiki, direban da ya sha yawo da ni, mai hoton da ya ɗauki bututan, har maƙwabcin da ya ara mini ƙamus. Ta karanta ta ɗago ta ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan, ko na manta wani? Ta ce, “A'a, ba ka manta kowa ba.” Ta buga shi tsaf, ta rufe kwamfutar. Washegari ta haɗa jaka. To ina abin da ya faru a nan?

Na gaya wa 'yar haka. Ta ce, “Baba, Allah ya ƙara basira.” Na ce amin. Sai da na ajiye wayar na fara tunanin ko addu'a ce.

Jumma'a, 7:50 na safe

Ba ta gani ba.

Asabar, 11:00 na safe

Na saya filas da kaina. Girman kai ya sauka kaɗan, ba duka ba.

Lahadi, 9:35 na safe

Kai, yau na ga ikon Allah. Na kunna, ta ƙi, haushi ya kama ni na dafa ta da hannun hagu zan miƙe, na sake danna makunni da na dama don mugunta, sai ta tashi. Ban motsa ba. Na ja waya da hannu ɗaya na kira 'yar, na ce maza koya mini yadda ake kwafe abu a filas. Ta ce danna nan, ja can. Muna cikin yi, koren layi ya kai rabi, ta ce Baba gyara wayar ba na jin ka. Na ɗaga hannu na gyara waya. Ɗif. Komai ya daskare, daga nan baƙin allo.

Na yi wata magana da ba zan rubuta ba. Ta can ƙarshen wayar na ji wata ta yi dariya a nesa, 'yar gajeriya, ta hanci. Shekara talatin da takwas na san dariyar nan. Na ce wa 'yar wa ke kusa da ke? Ta ce talabijin ne.

Litinin, 1:10 na rana

Mai ɗab'i ya kira. Na ce ana ɗan gyare-gyaren ƙarshe. Ba ƙarya na yi ba.

Ba ta gani ba. Mutuniyar kuma ba ta kira ba.

Talata, 8:40 na safe

Na share teburin aikin mutuniyar ko ƙura ce ke shiga injin. Na tarar da kwalbar man zafi a bayan tulin takardu, saura kaɗan, da wasu guda biyu wofi a aljihun tebur. Da yamma takan zauna tana murza wuyan hannunta na hagu. Nakan ce tsufa ne, Sakatariya, mu rungumi ƙaddara. Takan ce haka ne.

Na mayar da kwalaben inda suke. Ni dai lafiyata ƙalau.

Laraba, 3:25 na yamma

Ta gani, minti ashirin cur, domin na ɗora ƙamus ɗin maƙwabci a gefenta ban ma lura ba. Kafin in nemo filas ɗin, wanda ya shige ƙarƙashin jarida, na tsaya karanta babi na huɗu, wanda na fi ji da shi. Daɗi kamar me. Na ce kai Injiniya, ashe haka ka iya magana? Sai na jawo takarduna na biro in gwada. Inda na yi layi tara ina kewaye-kewaye, a allon layi uku ne, kuma sun fi nawa faɗin abin da nake nufi. Na duba wani shafi, haka. Wani, haka. Akwai wurin da na juya lambobin bututu biyu, a allon kowace tana inda ya kamata.

Na ɗauke ƙamus in duba wata kalma. Ta sume.

Alhamis, 10:00 na safe

Na ƙirga sunayen shafin godiya a takardata. Sha tara. Na sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Sha tara.

Alhamis, 10:15 na safe

Innalillahi.

Jumma'a, 12:30 na rana

Ban kunna ta ba yau. Na wanke tukunyar nan har ta ga fuskata. Na ɗauki waya sau huɗu. Me zan ce? Ki dawo kwamfuta ta ƙi ni? Ai gara in yi shiru da in ce haka.

Gidan nan da girma ashe. Na faɗa a nan tunda babu mai karantawa sai mai gyara: ba na jin daɗi, ko kaɗan.

Asabar, 4:50 na yamma

Na koma shagon da safe. Yana ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinkin jaka, ko'ina gawarwakin kwamfutoci an jera har rufi. Na miƙa mata wannan littafin rahoto. Na so in yage wasu shafuka, ta riga ta karɓe. Ta karanta tana cije leɓe.

Ta ce, “Baba, rahotonka ya yi kyau, karanta shi ne ba ka yi ba. Gwiwar hannu, ta tashi. Ka dafa ta, ta tashi. Ƙamus, ta tashi. Duk a ina?”

Na ce a gefe.

“Wane gefen?”

Ta juyo mini da kwamfutar wajen haske. A kusurwar hagu, ƙasan madannai, fentin ya goge fes, wuri kamar faɗin ƙwai, har yana sheƙi. A bakinsa kuma wani ɗan kwarmi siriri, kamar an daɗe ana goga ƙarfe.

Ta ce, “Wa ke aiki da ita? Ba kai ba ne dai. Mai awarwaro ce.”

Na ce maiɗakina ce.

Ta kwance notuna ta ɗaga murfin ƙasa. Rumbun yana daidai ƙarƙashin wurin nan. Ta nuna mini da bakin sukudireba: 'yar robar da ke riƙe wayarsa ta karye, wayar tana lilo. In an danne kusurwar sai ta haɗu, in an saki ta rabu. Ta ce rumbun lafiyarsa lau, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Ta ce amma wannan tsohon ciwo ne, fenti ba ya gogewa haka a wata ɗaya ko biyu, ya kai shekara biyu. Ta ce mai aikin nan ta gano dabarar da kanta, ta danne da wuyan hannun hagu, ta yi ta bugawa da na dama da ɗan abin da yatsun hagu za su iya kaiwa.

Sai ta sake tambayata ko ta taɓa faɗuwa.

Shekara biyu da suka wuce wani mutum ya yi tuntuɓe da wayar caja yana sauri zuwa ɗaukar waya. Kwamfutar ta sauko da kusurwa. Mutumin ya waiga hagu da dama, ya mayar da ita kan tebur, ya gyara mata zama, bai gaya wa kowa ba. Washegari ya ga ana aiki da ita lami lafiya, ya ce Allah ya rufa asiri. Haka na ba mai gyara labarin. Ta ce, “Mutumin nan yana sa tabarau?” Na ce wani lokaci.

Babi na huɗu na littafina kan alama yake. Shafi ashirin ina koya wa matasa cewa kafin ka haƙa titi ka duba inda ciyawa ta yi kore, inda kwalta ta canza launi. Shekara biyu ina wucewa ta gaban teburin nan da kofin shayi.

Ta danne kusurwar da hannunta ta kwafe littafin a filas, minti uku. Ta ce za ta sa sabuwar waya da maɗauri yanzu-yanzu. Na ce a'a, ki mayar da murfin haka, ina da aikin shafi ɗaya tukuna.

Lahadi, 7:30 na safe

Na fara. Wuyan hannun hagu a kan kusurwa, yatsa ɗaya na dama yana farautar haruffa. Wane mugu ne ya warwatsa su haka? A tana gabas, B tana can ƙasa ta ɓuya.

Lahadi, 9:05 na safe

Layi huɗu. Hanci ya yi mini ƙaiƙayi na sosa da hagu. Duk sun tafi.

Lahadi, 1:40 na rana

Na gama. Awa shida, shafi ɗaya. Hannuna tun daga wuya har kafaɗa kamar ba nawa ba. Na ƙarasa ragowar man zafinta. Ɗari uku da sha biyu, jama'a.

Litinin, 11:20 na safe

An gyara. Mai gyara ta ce ko a canza murfin saman ma, tana da wani sabo fil. Na ce kada ki taɓa mini wurin nan. Na kira mai ɗab'i na ce Jumma'a ba za ta yiwu ba, akwai wadda za ta duba tukuna. Ya ce wace ce? Na ce za ka ga sunanta a bango.

Talata, 5:15 na yamma

Na je gidan 'yarmu. Na sa rigar da mutuniyar ta ce ta fi yi mini kyau, ba guga, don na ƙona ɗayar wajen gwaji. 'Yar ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi jakar kwamfuta, ta tattara yaranta ta ce za su je sayen burodi. Da burodi biyu a kan tebur.

Mutuniyar tana falo tana tsinke zaren wata riga. Ta ce, “Injiniya, sannu da zuwa. Ka rame.” Na ce shinkafa ce. Ta ce ta ji labari.

Na ajiye kwamfutar a gabanta na ce akwai shafin da nake so a duba mini. Ta ce, “Ai Sakatariya ta yi ritaya.” Na ce ba Sakatariya na zo nema ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe. Kafin ta danna makunni hannunta na hagu ya tafi da kansa ya kwanta a kusurwar, awarwaron ya faɗa cikin kwarminsa daidai wa daida. Ita ba ta ma san ta yi ba.

Kwamfutar ta tashi. Na ce, “Ɗaga hannun.”

Ta ce, “Za ta mutu.”

Na ce ɗaga dai.

Ta ɗaga a hankali, kamar mai sauke tukunya daga wuta. Allon yana nan. Ta ƙara ɗagawa. Yana nan. Ta juya hannun ta kalli wuyansa.

Can ta ce, “Tun yaushe ka sani?” Na ce Asabar. Na ce kuma ni na yar da ita. Ta ce, “Wannan ai na sani tun ranar, ina kicin na ji ƙarar. Na jira ka faɗa.” Na ce me ya hana ki gaya mini ta lalace? Ta ce, “Da na faɗa, da ka kwance ta da sukudirebanka na famfo, da yanzu babu littafi babu kwamfuta.” Ban yi musu ba, gaskiya ce.

Ta karanta shafin. Na rubuta inda matsalar take, da musabbabinta, wato ƙafar marubuci, da wadda ta danne wurin da hannunta shekara biyu ba a sani ba, da wadda ta mayar da layi tara uku. Na sa sunanta cikakke a sama, na ce littafin namu ne mu biyu, kuma na roƙi gafara. Sha taran nan na tura su ƙasa.

Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ta goge ido da gefen mayafi, wai hasken allon ne. Sai ga dariyar nan ta hanci.

“Injiniya, wannan ai ba godiya ba ce, rahoton gyara ne.”

Na ce shi na iya.

“Kuskure goma sha ɗaya a shafi ɗaya. Sunan nawa ma ka cinye harafi.”

Na ce awa shida na yi. Ta ce an gani. Ta jawo kwamfutar kusa, ta ɗora hannu biyu a kan madannai, yatsu goma suna gudu, rabon da in ji wannan ƙarar tun kafin tuntuɓe. Ta gyara goma. Na ce saura ɗaya. Ta ce na sunanta ta bar shi, in zauna in nemo harafin da kaina.

Na ce yaushe za a dawo gida? Ta ce tana da sauran kitson yara, za ta duba.

Laraba, 9:00 na safe

Na nemo harafin. Na kunna sau biyar don gwaji, ta gani sau biyar. Na share falo, na saya sabon man zafi, wannan nawa ne.

Alhamis, 6:10 na yamma

Shiru. Na wanke kofi biyu, ɗaya bai ma yi datti ba.

Jumma'a, 10:45 na safe

Ta dawo. Ta duba tukunya ta yi salati. Kwamfutar ma lafiya lau.